Kasuwa zan kai yara ko Gobarau? Mutanen cikin gari ku ba ni shawara

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Dan Allah shawara nake nema wurin mutanen cikin gari. Ranar Alhamis in Allah ya kai mu zan shigo gida Katsina daga Abuja da yara, hutun makaranta, sati biyu za mu yi. Abin da ya sa na kawo maganar nan, shekaranjiya ina miyar kuka na ce ma babbar ɗiyata ta miƙo mani daddawa, yarinya shekara 12 fa, tana buɗe robar ta toshe hanci ta ce Mama abun nan ya lalace a zubar. Wallahi jikina ya yi sanyi, don mu gidanmu da sana'ar daddawa kakata ta yi ma 'ya'yanta mata kayan ɗaki, ni da warinta na tashi, ga ɗiyata ba ta ma san mi ce ce ba. Shi ne na ce wannan zuwan kasuwa zan kai su su ga abinci tun daga tushe, amma yayana ya ce a'a, in tarihi nake so su sani in kai su hasumiyar Gobarau da gidan tarihi da Ƙofar Soro, mi za su gani a kasuwa in ba rana da ƙuda ba. To ku mi kuka gani? In kasuwar ce wacce?

Ɗan Masanawa:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya kawo ku lafiya. Ai duka biyun za ki yi, sati biyu fa kika ce. Gobarau awa ɗaya ta ishe ku.

Malamar Firamare:
Anti kin taɓo mani inda ke mani ƙaiƙayi. Ni nan cikin Katsina nake koyarwa ba Abuja ba, amma na taɓa tambayar 'yan aji biyar daga wane icce ake samun kalwa da ake daddawa da ita, yara uku kacal suka ce ɗorawa, wani ya ce mani a shago ake yin ta. Kin ga ba laifin Abuja ba ne kaɗai. Ki kai su kasuwar 'Yar Kutungu da safe, ƙarfe tara ku kasance ciki kafin rana ta buɗe, babbar kasuwar Santaral kuma ki bar ta sai ranar sayen atamfa da takalmi.

Ɗalibin Tarihi:
Hajiya ki gaya ma Yaya cewa kasuwar ita ce ta gina Gobarau ɗin. Hasumiyar nan ana danganta ta da zamanin Muhammadu Korau a ƙarni na 15, to mi ya kawo malamai da dukiya garin har aka yi irin wannan gini? Fatauci ne. Ayari ke saukowa daga Agadas da gishiri da kanwa da dabino, a koma da hatsi da fata da tufafi. Shi ya sa har yau sunayen unguwanni ke ba da labarin sana'a da baƙi, Marina ta masu rini ce, 'Yantaba sunanta ya faɗi sana'arta, akwai ma inda ake ce ma Tsohuwar Kasuwa. Baturen nan Bajamushe Heinrich Barth da ya kira kanshi Abdulkarim ya shigo Katsina a 1851, lokacin ya tarar ciniki ya riga ya karkata Kano bayan jihadi da yaƙe-yaƙen da aka daɗe ana yi da Maraɗi, amma duk da haka ya yaba Hausar Katsina da ladabin mutanenta. Daga baya jirgin ƙasa ya iso Kano wajen 1911 bai biyo ta birnin Katsina ba, wannan ya ƙara tazara. Yaro in ya ga manda da ungurnu a faranti ya ji daga ina suka fito ya karanta rabin tarihin garin nan.

Mai Yoyon Ɗaki:
Ku yi haƙuri ni zan faɗi gaskiyata ko ba ta yi daɗi ba. Ku da kuke zaune Abuja da Kaduna in kun zo hutu kasuwa al'ada ce a wurinku, mu da muke shiga kullum wahala muke gani. Tsohuwar da ke zaune bakin kwata da faranti daga safe har la'asar ba don ta adana al'ada take zaune ba, don in ba ta zauna ba ba a ɗora tukunya gidanta. Uwata ta yi shekara da shekaru tana sai da kuka da kuɓewa busassa, yanzu ƙafafunta ba su ɗaukarta, ba fansho ba komi. Kuma damina ce fa yanzu, laka ga kwatoci sun cika ga ƙuda, lokacin da amai da gudawa ke yawo kenan. Wanda ke cikin ɗaki shi ya san inda ke mashi yoyo. Ki kai yara gidan tarihi su ga abu mai tsabta su koma lafiya.

Maman Biyu:
Allah sarki ƙanena, Allah ya ba Mama lafiya ya sa wahalarta ta zama kaffara. Ban ji haushin maganarka ba wallahi, kuma ba kallon talauci zan kai su ba, ni ma da kuɗin faranti aka yi mani makaranta.

Ɗan Gwari:
Salamu alaikum. Ni ina cikin kasuwa yanzu haka nake rubutun nan tsakanin masu saye, shekara ta 19 ina sai da kayan miya. Maganar ɗan uwana Mai Yoyon Ɗaki gaskiya ce rabi. Wahala akwai, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ke cinye ribar kwandon tumatir kafin ya sauka, kuma kayan gwari ba su jira, in ba ka sayar yau ba gobe ka kwasa ka zubar ko ka yanka ka shanya. Amma in kowa mai ɗan hali ya ce ba zai shigo ba saboda laka, sai ya tafi babban kanti ya sayi tattasai cikin leda ninki biyu, to wa zai saya wurin tsofaffin da kake tausayi? Tausayin da zai hana ka zuwa ai bai amfane su ba. Hajiya ki zo, amma ki zo da jakar cefane, kar ki zo da hannu biyu kallo. Ki sa ma yara takalmin roba, kar su ci abin da aka yanka aka bari buɗe, ruwa kuma ki taho da naku. Shi kenan.

Mai Yoyon Ɗaki:
In saye za a yi ba ni da ja. Abin da nake ƙi shi ne a zo a zagaya ana nuna mutane da yatsa.

Ɗiyar Mai Fura:
Yauwa, nan nake jira a zo. Dan Allah Anti kar ki bari yara su ɗaga waya kan kowa sai an tambaya. Bara wani yaro ya zo inda innata ke dama fura da wayarshi da abin maƙala murya, ya saye ta da hira har ta saki jiki tana ba shi labarin yadda ake kirɓi, ashe ɗauka yake, bai ce mata komi ba. Bayan kwana uku sai ga innata a TikTok an sa mata waƙa ana ta dariyar haƙoranta a ƙasa. Mace mai shekara sama da 60 mai jikoki. Sati biyu ba ta fita ba don kunya, sati biyu ba ciniki, wa ya biya ta? Har yau in ta ga matashi ya fiddo waya sai ta ja mayafi ta rufe fuska ta daina magana. Ni wannan abu ya tsaya mani a rai, ko yanzu da nake rubutawa idona ya kawo ruwa.

Malamar Firamare:
Innalillahi. Allah ya isar mata. A garin da ake ma kirari da ɗakin kara, kunya gare ku ba dai tsoro ba.

Baba na Rafindaɗi:
Assalamu alaikum yara. Jikana ke rubuta mani don idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙen nan. Ɗiyata mai tambaya, Allah ya yi maki albarka da kika damu. Shiga kasuwa yana da ladabi kamar shiga gidan mutane, shi za ki fara koya masu tun a gida. Ba a isa gaban rumfa a ce nawa ne, sai an yi sallama, an ce ina kwana, ya kasuwa, ya iyali. In mace ce babba su ce mata Inna ko Gwaggo su ɗan rusuna, in namiji ne Baba ko Malam. Su karɓa da hannun dama su miƙa da hannun dama. In an faɗi kuɗi ka taya, in tayinka bai kai ba mai kaya zai ce albarka, ba zagi ba ne, ka ƙara ko ka wuce cikin mutunci. In ya ce na sallama to ciniki ya faɗa, ba a janyewa bayan sallama, wannan abin kunya ne babba. Kuma gyara ba a ƙwatarta, roƙonta ake da fara'a. Sannan abu guda da nake gani wurin masu kuɗin yanzu yana ɓata mani rai, mutum zai shiga kanti a ce mashi kuɗi ya biya ko tari bai yi ba, amma ya zo wurin tsohuwa mai tallan zogale ya tsaya yana ja da ita kan naira hamsin. Kar ki koya ma yaranki wannan.
Da muna yara komi na kasuwa da mai shi. Akwai Sarkin Kasuwa mai raba rigima da ba da wurin zama, akwai Sarkin Fawa kan mahauta, dillali na cin la'adarshi, ma'auna na zaune da tiya da kwano. Ki nuna masu yadda ake awo, yadda ake cika tiya har ta yi tozo a sa hannu a tare.

Maman Biyu:
Baba na gode, Allah ya ƙara girma da lafiya. Wallahi kamar kakata ke magana. Na adana wannan saƙon zan karanta masu a mota.

Badauri:
Hajiya in kin gama da birni ki ware kwana ɗaya ki taho Daura, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci ce. Ku fara da rijiyar Kusugu su sha ruwan su ji labarin Bayajida da macijiyar da ta hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, daga nan in Lahadi ce ku zarce Mai'aduwa kasuwa na ci. Can za su ga raƙuma da shanu da mutanen Nijar da suka ƙetaro ta Kongolam, ga cuku ga dabino. Yaro ɗan Abuja da bai taɓa ganin raƙumi kusa ba ai ba zai manta ba.

Ɗan Masanawa:
Mutanen Daura ba a magana ku bari ta wuce sai kun jawo Kusugu.

Badauri:
To ai nan ne tushen, Malam. Amma gaskiya ba don fahariya na faɗa ba, kasuwar ƙauye da ta kan iyaka daban take da ta birni. A birni ɗan kasuwa ka ke gani, can manomin da kanshi da makiyayin ka ke gani. Ka tuna da aka rufe boda a Agustan 2019, da kuma 2023 bayan juyin mulkin Nijar, mu nan muka ji a jikinmu, har goro da dabino sai da suka nuna. Mutanen da kakanninsu ɗaya da namu aka ce ba shiga ba fita.

Ɗalibin Tarihi:
Haka yake ta ɓangaren Jibiya da Maraɗi ma. Sarautar Maraɗi ai Katsinawan da suka fita ne bayan jihadi wajen 1807, har gobe Sarkin Katsina ake ce ma sarkinsu. In layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinshi a 2021 ya kammala ta Katsina da Jibiya zai bi, kusan hanyar da fatake suka bi da ƙafa da jakuna.

Maman Biyu:
Mai'aduwa da yara biyu anya zan iya? Zan tambayi babansu tukuna. Ni dai yanzu ku faɗa mani mi da mi zan nuna masu a cikin gari kar in je in yi ta zagaye.

Malamar Firamare:
Ki fara da layin masu kayan kaɗi da kayan yaji Anti, don nan ne hanci ke aiki. Ki sa su shinshina kimba da masoro da kanumfari da citta ɗaya bayan ɗaya su faɗi bambanci. Ki nuna masu kuka da karkashi da kuɓewa busassa a gari, yawancin yara ba su rarrabewa duk kore suke gani. Sai 'ya'yan itatuwan daji in an samu, goruba, magarya, aduwa, kanya, ɗinya, kurna, kowanne da lokacinshi ba lallai ki samu duka ba. Ki saya masu mazarƙwaila da kantun riɗi da ƙuli-ƙuli su riƙe a hannu, yaro in bakinshi na motsi ba ya cewa ya gaji.

Ɗan Gwari:
Ki biyo ta wurinmu kuma su ga tumatir ɗin rani busasshe da ɗanye, ki gaya masu na Ɗanja da na fadamun Ajiwa da Jibiya ne ke ciyar da garin nan in rani ya yi, da damina kuma ya yi tsada don ruwa na ɓata shi. Yanzu lokacin yakuwa ne da rama da tafasa da lalo.

Gwaggon Yara:
Tunda daddawa ce ta tayar da maganar bari in faɗi yadda ake yin ta don ko a cikinku nan na san da yawa ci kawai suka sani. Ɗorawa in ta nuna a kaɗo ta, a ɓare, garin nan rawaya mai zaƙi a sha ko a dama, ƙwallon ciki shi ne kalwa. Kalwar nan tauri gare ta kamar tsakuwa, sai an ɗora ta wuta ta kwana tana dahuwa ana ƙara ruwa ana tura icce, mai yi ba ta barcin kirki ranar. Da safe a zuba turmi a surfa da ɗan toka ko yashi har baƙar fatar ta saɓule, a kai a wanke a rege a wanke a rege, ruwa ba kaɗan take ci ba. A sake mayar da ita wuta da 'yar kanwa ta yi laushi, a tsane, a zuba cikin ƙwarya ko kwando da zafinta a lulluɓe da ganye da buhu a kai ɗaki a rufe. Kwana biyu zuwa uku ba mai buɗewa. In ta yi za ki ji tun daga tsakar gida, ta yi yauƙi ta yi duhu. Sannan a kirɓa a mulmula a fyaɗa ta faifai-faifai da tafin hannu a shanya rana. Kusan sati guda kenan na aiki, shi ne za a zo a ce maki ukku ɗari ki ce a bar maki huɗu. Akwai kuma ta batso da ake yi da 'ya'yan yakuwa, ita warinta ya fi ƙarfi, ta masu ƙaramin hali ce da can amma miyarta daɗi. Ko ɓawon ɗorawar ba a yar da shi, shi ake jiƙawa a yi makuba ta daɓe da shafen soro don ruwa kar ya ci ginin ƙasa.
Abin da ke kashe sana'ar nan biyu ne, dunƙulen magi da ya shiga kowane gida, da kuma iccen ɗorawa da ake sarewa ana gawayi ba a dasa wani. Kalwa ta yi tsada har wasu sun koma yi da waken suya.

Ɗalibin Tarihi:
Gwaggo kin ga kin haɗa mana kasuwa da Gobarau da kanki. Icce ɗaya ya ba da abin miya ya ba da abin shafen gini.

Uwargida Ƙofar Ƙaura:
Ni fa kar a ɗora ma magi laifi duka. Mace ta dawo aiki ƙarfe huɗu ga yara ga miji na jiran abinci, ta tsaya dakan daddawa? Kuma wata daddawar da ake kawowa yanzu duk ƙasa, ka ci tuwo kana tauna tsakuwa. Masu yi su ma su gyara, su riƙa shanya bisa tabarma mai tsabta su rufe daga ƙuda, su daka su sa a roba mai murfi, za mu saya.

Gwaggon Yara:
Wannan gaskiya ne ɗiyata, akwai masu ha'inci akwai masu ƙazanta. Amma ki nemi mutum ɗaya mai amana ki riƙe ta, haka iyayenmu ke yi, kowace mace da mai daddawarta da mai nononta. Ki daka ta tiya guda ranar Asabar da barkono da citta ta kai ki wata biyu.

Ɗiyar Mai Fura:
Maganar nono ma haka take. Mutane na cewa nonon yanzu madarar gari ce aka kwaɓa, eh akwai masu yi, amma ku tambaya mi ya jawo. Rugage nawa suka tashi ta wajen Batsari da Safana da Jibiya saboda 'yan bindiga? A 2021 har hana sai da dabbobi aka yi a kasuwanni da dama aka kashe layin waya a ƙananan hukumomi. Matan da ke kawo ma innata kindirmo da man shanu tun ina ƙarama wasu an kore masu shanu kaf, wasu sun yi ƙaura ba mu san inda suke ba. Wadda ta rage in ta kawo ƙwarya ɗaya kafin azahar ya ƙare. Anti in kina son yara su sha na gaske ku je da wuri, kuma ki bari a dama gabansu da ludayi cikin ƙwarya kar a sa a injin markaɗe, su ga yadda ake murje curin fura a jikin ƙwarya kafin a zuba nono.

Mai Yoyon Ɗaki:
To kun gani, duk inda aka taɓa ciwo ne. Gobarar Santaral ta Maris ɗin 2021 ma akwai waɗanda har yau ba su miƙe ba. Shi ya sa kalmar yawon buɗe ido ke mani nauyi a kan kasuwa.

Baba na Rafindaɗi:
Ɗana, ciwon ma ai su gan shi. Yaron da ya san da wace wahala loma ke isowa bakinshi ba ya zubar da tuwo. Allah ya ba mahaifiyarka lafiya, ka gaishe ta.

Mai Yoyon Ɗaki:
Amin Baba, za ta ji. Na gode.

Admin:
Jama'a an gode, muhawara ta yi kyau ba zagi. Masu turo tallan atamfa a tsakiyar magana dan Allah ku bari sai ranar talla. Hajiya in kun je a dawo mana da labari.

Maman Biyu:
Assalamu alaikum, na dawo da labari kamar yadda Admin ya ce. Jiya Litinin muka je, ni da yara da ƙanwar babana, kurkura, wato Keke Napep, muka hau daga gida muka isa tara saura. Ƙanena Mai Yoyon Ɗaki ka yi gaskiya kan laka, an yi ruwa da dare, ƙaramin ya zame tun a bakin shiga wandonshi ya ɓaci ya fara kuka yana cewa a koma gida, sai da wani mai rake ya yanko mashi gaɓa ɗaya ya ce ungo maigida, ya ƙi karɓar kuɗi, sannan aka samu lafiya. Wayoyi na karɓe na sa a jaka tun a gida.
Mun yi layin kayan yaji kamar yadda Malama ta ce, masoro ya sa su atishawa. Amma inda muka daɗe wurin wata tsohuwa ce mai daddawa, tana zaune bisa buhu ta jingina da bangon wata rumfa, faranti biyu gabanta, ɗaya ta kalwa an jera ta kamar fai-fai ɗaya ta batso, ta rufe rabi da tsohon gyale saboda ƙuda. Tafin hannunta ya yi baƙi ƙirin har cikin layukan, irin baƙin da sabulu ba ya fiddawa, ina gani na tuna hannun kakata sai da na kau da kai. Ɗiyata ta rusuna ta ce ina kwana Inna, da Hausarta ta Abuja, tsohuwar ta riƙe hannunta ta ce ɗiyar wa ce wannan mai kunya. Na gaya mata abin da ya faru da robar daddawa ban ɓoye ba. Ba ta yi fushi ba, ta kwance bakin zanenta ta fiddo 'yan ƙwayoyin kalwa ta zuba ma yarinyar a hannu ta ce ciza ki ji. Ta ciza ta kasa. Ta ce to wannan dutsen ne nake mayarwa abin da kika ce ya lalace, kwana shidda nake yi. Ta ce jikokinta mata bakwai ba wadda ta yarda ta koya, duk sun ce wari, in ta mutu tukunyar sai dai a yi wanki da ita. Yadda ta faɗi kuɗi haka na biya ban taya ba, ta ƙara mana biyu gyara ta ce na yarinya ne.
Ba zan ce maku ɗiyata ta daina toshe hanci ba, a kurkura ma sai da ta ce jakar na wari. Amma da dare da ake miya ita ta ce a bari ta daka, kuma kalwar nan na cikin aljihun jakar makarantarta ta ce za ta nuna ma malamarsu. Fura ba mu samu ta gaske ba mun makara, sai gobe. Gobarau ma gobe Laraba in sha Allah, Yaya ne zai kai su da kanshi.

Ɗiyar Mai Fura:
Allah sarki Inna. Anti na gode da kika ajiye wayoyin. Gobe ki yi mani magana ta akwati in sa innata ta ajiye maku kindirmo.

Mai Yoyon Ɗaki:
Na karanta ma uwata saƙonki, ta ce ta san irin zaman nan na bisa buhu, ta yi shiru kuma. Ta ce in gaya maki in kin koma ki sai ma tsohuwar 'yar kujera ta tsugunno, bayan ne ke fara mutuwa.

Maman Biyu:
In sha Allah gobe zan kai mata, ka ce ma Mama na gode. Sannan wani abu, ƙanwar babana ta ce ita ta iya tun wurin kakata, shekara 20 kenan ba ta yi ba amma hannu bai mantawa, ta yarda za ta ɗora tukunya ranar Asabar bayan la'asar yara su gani daga farko har shanya kafin mu koma. Malam Ɗan Gwari ina zan samu kalwa mai kyau tiya biyu? Wadda ke so ta kawo yaranta ta yi mani magana ta akwati, tsakar gidan na da faɗi.

Ɗan Gwari:
Ki zo wurin ma'auna hatsi da safe ki ce kalwar bana kike so, ki duba kar ki karɓi mai huda-huda ƙwaro ya ci. In kin iso ki kira ni in raka ki.

Malamar Firamare:
Ni da 'yan mata uku muna tafe.

Gwaggon Yara:
Ku tanadi icce da yawa tun Juma'a ku sa shi inda ruwa ba zai taɓa ba, kalwa na cin wuta, kuma ku jawo ruwa ku cika randuna biyu na wanki. Turmin ma a nemo babba. Zan zo da asuba ranar Lahadi in kama maku surfe.